Turancin Bakin Aiki Bai Fi Ƙarfinku Ba

Sannu direban da ya kama hanyar Legas tun kafin kiran assalatu. Sannu mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema, rana na duka, layi na ƙaruwa. Sannu tela, sannu bakanike, sannu magini, sannu mai gadi. Sannu Hajiya mai sarin atamfa a Kantin Kwari, sannu ma'aikaciyar jinya da ta kwana a tsaye. Da ku nake magana yau, kuma maganar a kan Turanci ce. Kada kowa ya ja da baya. Turancin da nake nufi shi ne na bakin aiki, wanda ake ciniki da shi, ake ba da umarni da shi, ake biyan kuɗi da shi. Shi ke shigowa wayoyinku kullum, shi ke rubuce a jikin fom, shi ke fitowa daga bakin mai sayen kayanku.

Da yawanku kun san inda gizo ke saƙar. Mutum ya yi firamare, wataƙila har sakandare. Ya san "put" ajiyewa ce, ya san "off" na nufin kashewa ko cirewa. Sai saƙo ya shigo cewa an yi wa taron gobe "put off". Me aka ajiye? Me aka kashe? Ba ko ɗaya: ɗage taron aka yi zuwa wani lokaci. Da cewa aka yi "call off", to soke shi aka yi ɗungurungum. Wanda bai rarrabe biyun nan ba, ko dai ya ƙona mai ya je ya tarar da ƙofa a rufe, ko kuma ya saki cinikin da ke nan daram yana jiran sa. Irin waɗannan ne Turawa ke kira "phrasal verbs", wato aikatau da ke tafe da wata ƙaramar kalma a bayansa, kamar mai zuwa biki da 'yar rakiya. Sai dai a nan 'yar rakiyar ce ke riƙe da saƙon. Ka sauya ta, zancen gaba ɗaya ya sauya. Wanda ya kama ta ya kama Turancin da ake yi a titi, a ofis, a kasuwa da asibiti.

Idan sun taɓa ba ka wahala, kada ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ce ta gaza. Tun a 1755, lokacin da Samuel Johnson ya wallafa shahararren ƙamus ɗinsa na Turanci a Landan, ya faɗa a gabatarwa cewa wannan salon haɗa kalmomi shi ya fi ba baƙi wahala a harshensu. Mai harshen ne da kansa ya amsa haka, fiye da shekara 260 da suka wuce. Bafaranshe na kuka da su, Balarabe na kuka da su, ɗan Sin ɗin da kake saro kaya a hannunsa a birnin Guangzhou shi ma da gumi ya koye su. Wahalar gaskiya ce. Amma ina da albishir gare ka, Malam Bahaushe: cikin duk masu wannan kuka, kai ne bai kamata ka ji tsoro ba, domin tun kana goye kake yin irin wannan aiki a harshenka.

Dubi kalmar "ci". Yaro ɗan shekara uku ya san cin tuwo. Amma wa ya koya maka cewa cin amana ba da baki ake yin sa ba? Wa ya zaunar da kai ya rarrabe maka cin kasuwa da cin riba, cin bashi da cin hanci, cin mutunci da cin fuska, cin jarrabawa da cin zaɓe, ci gaba da ci baya? Ba wanda ya yi. A bakin manya ka ji su, a inda ake amfani da su, suka zauna maka. Haka "sha": ka sha ruwa, ka sha wahala, ka sha iska, ka sha alwashi, ka sha kaye, ka sha gaban abokin takara. Haka "buga", haka "kashe", haka "ɗauka". Ka kashe fitila, ka kashe kuɗi, ka kashe aure, ka kashe magana, ba jini ko ɗigo. Turawan da suka zo koyon Hausa sun sha fama da waɗannan. Buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 ka duba ƙarƙashin "ci", ka ga yadda ma'anoni suka yi jerin gwano. Abin da ya sa Bature gumi, kai kana yin sa ko cikin gyangyaɗi. To me zai sa nasa ya gagare ka?

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa. Bahaushe yana sauya ƙarshen aikatau ya sauya ma'ana: saya, sayo, saye, sayar. Fita, fito, fitar. Shiga, shigo, shige, shigar. Wani masanin Hausa a Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya tsara wannan a 1960, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma har yau ɗaliban Hausa a jami'o'inmu suna karanta tsarinsa. Abin da Hausa ke yi da ƙarshen kalma, shi Turanci ke yi da 'yar rakiya. Kai ka ce ci, ka ce cinye. Shi ya ce "eat", ya ce "eat up". Kai ka ce sha, ka ce shanye. Shi ya ce "drink", ya ce "drink up". Dillali ya shiga kasuwar Dawanau ya saye wake kaf, wannan "buy up" ne. Ka ga ke nan "up" a nan ba sama take nufi ba. Aikinta shi ne a yi abu har ƙarshe, ba saura. Da ka kama wannan, ka kama "fill up", a cika tanki fal. Ka kama "lock up", a kulle shago ko'ina. Ka kama "pay up", a biya duka. Ka kama "clean up", a share tas, da "use up", a yi amfani da abu har ya ƙare. Kalma ɗaya ka fahimta, goma suka biyo ta a guje!

Sauran ma kowacce da halinta. "Out" na ɗauke da fita da ƙarewa: kaya sun ƙare a shago, "sold out", taya ta suɗe, "worn out", a rarraba wa jama'a takardu, "hand out". "Off" ta rabuwa ce da yankewa: a yanke wuta, "cut off", a sallami ma'aikata, "lay off", a gama biyan bashi a rabu da shi, "pay off". "On" ta ci gaba ce, shi ya sa "go on" da "carry on" da "keep on" duk ke cewa kada ka tsaya. "Back" ta komawa ce da mayarwa, "down" ta ragewa ce da tsayarwa. Ba zan ɓoye muku ba, ba ko'ina wannan lissafi ke aiki ba. "Give up" saduda ce, "put up with" haƙuri ne da abin da ba ka so, "look after" kula da mutum ne, "make up" tana iya zama sasantawa bayan faɗa, tana iya zama ƙirƙiro labari. Waɗannan sai dai a haddace su ɗungum, kamar yadda ka haddace cin amana ba tare da ka tambayi inda bakin yake ba. Ka yi da Hausa, za ka yi da Turanci.

Wani zai ce, "Malam, ai an ce dubbai ne." Dubbai ne a ƙamus, gaskiya. Amma wa ya ce sai ka kwashe su duka? A 2007 wasu masana biyu a Jami'ar Brigham Young ta Amurka, Dee Gardner da Mark Davies, sun tace wani rumbun rubutu da zantuka na Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Sun tarar irin waɗannan kalmomi sun fito fiye da sau 500,000. Sannan suka gano abin da ya kamata kowane mai koyo ya sani: guda 25 kacal su ne suka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na duk fitowar nan, guda 100 kuwa suka ɗauki fiye da rabi. Aikatau 20 ne ke yawancin aikin, irin su "go", "come", "take", "get", "put" da "look", waɗanda ka sani tun firamare, tare da 'yan rakiya 8. Ɗari fa, jama'a! Mai shagon magani ya san sunayen ƙwayoyi fiye da ɗari. Bakanike ya san sassan injin fiye da ɗari. Mai sayar da waya a Farm Centre yana iya zayyano maka farashin waya ɗari bai duba takarda ba. Wanda ya haddace izu biyu a makarantar allo yana ƙarami, ɗari za ta ba shi tsoro? Uku a rana, kafin wata biyu ya cika ka wuce wurin har da ragowa.

Malam direba, aikinka cike yake da su. Fasinja ya kira ka ta manhaja a Abuja ya ce "pick me up", ka zo ka ɗauke shi. Ya ce "drop me off", ka sauke shi. "Pull over", ka gangara gefen titi ka tsaya, kuma ita ce kalmar da jami'in kiyaye haɗurra zai iya jefa maka. "Slow down", ka rage gudu. Mota ta lalace a hanya, "break down". Mai ya ƙare, "run out of fuel". Gosulo ya riƙe ka, ka ce "I was held up". Ka ƙirga, ba su kai goma ba, amma da su kaɗai kana iya kiran mai mota ka faɗa masa inda kake, abin da ya faru da abin da kake bukata, cikin minti ɗaya, ba tare da neman tafinta ba. Tuƙi kam ka iya, ba mai ja da kai. Ka san ramukan hanyar Kaduna kamar tafin hannunka. Amma idan kamfani ko ƙungiyar agaji na neman direba, aka tara mutum ashirin duk masu lasisi, duk masu hannu, wa za a ɗauka? Wanda aka ba umarni ya gane nan take, aka tambaye shi ya ba da rahoto a fili. Me zai hana kai ne?

Mai POS, kai ma ka riga ka yi nisa ba ka lura ba. Kullum kana "log in", kana "log out". Ka yi wa mutane "sign up", ka yi musu "top up". Idan kuɗi suka maƙale, kalmar da bankin zai so ji ita ce cinikin bai yi "go through" ba. Wayarka kanta malama ce: sau nawa ta gaya maka lambar da kake kira tana "switched off"? Sau nawa aka ce maka "hold on", ka dakata, ko "call back", ka sake kira? Ga su nan a aljihunka, kyauta, safe da yamma. Abin da ya rage shi ne ka daina wuce su, ka tsaya ka kalle su ido da ido.

Alhaji da Hajiya masu sari, ku naku ya fi shafar aljihu kai tsaye. Yau ciniki da yawa a WhatsApp ake yin sa, da mutumin da ke Dubai ko Istambul ko Guangzhou, kuma Turanci ne gadar da ke tsakaninku. Ya ce "I will get back to you", ba wai zai dawo shagonku ba ne, zai neme ku da amsa. Ya yi "turn down" ɗin tayinku, ya ƙi sallamawa. Ya yi "back out", ya janye daga yarjejeniya bayan an gama magana. Kaya sun zo da matsala, kuna da haƙƙin "send back", ku mayar, ku ce ya yi "sort out", ya warware. Ya yi shiru, ku yi "follow up", ku bi sawu. Ɗan kasuwar da ke jiran sai ɗansa ya dawo daga makaranta ya karanta masa saƙo, kafin yaron ya dawo wani ya saye kayan. Asirin cinikinka kuma ya kamata ya zauna a cikinka. Ka karanta da idonka, ka amsa da yatsanka, ka rufe ciniki da kanka!

Tela na da guda huɗu masu daɗin riƙewa: "take in" a rage faɗin riga, "let out" a ƙara faɗi, "take up" a rage tsawo, "let down" a ƙara tsawo. Ƙara da "try on", a gwada a jiki, ka gama da mai kawo gyara. Magini kuwa tun ranar farko yake "setting out" da igiya da turaku kafin a haƙa harsashi, ya yi "put up" ɗin bango, ya yi "pull down" ɗin tsoho.

A asibiti ne maganar ta wuce ta kuɗi ta koma ta rai. 'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya, ungozoma, mai kula da marasa lafiya, ku ne ke tsaye tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da tsohuwar da ba ta jin Turanci. "Breathe in", ja numfashi. "Breathe out", saki. "Lie down", kwanta. "Throw up", amai. "Come round", farfaɗowa. Sannan ga biyun da ba a wasa da su: "pass out" suma ce, "pass away" rasuwa ce. Mai suma ana yi masa fifita a jira ya farfaɗo, mai rasuwa ana yi masa wanka. Ka tuna dangi na tsaye a baranda, zukata na bugawa, suna jiran abin da za ka faɗa musu. A wannan lokaci sanin bambancin "out" da "away" amana ce. Mai gadin asibitin da ya san wannan, mai turo keken marasa lafiya da ya san wannan, ya fi ƙarfin a kira shi ƙaramin ma'aikaci. Kuma ku lura, "pass out" ɗin nan ita ce dai masu yi wa ƙasa hidima da kuratan soja ke amfani da ita ranar yaye su. Kalma ɗaya, wuri biyu, ma'ana biyu.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke rikita mutane da yawa: ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana uku ko biyar. Masanan nan biyu, Gardner da Davies, sun ƙirga wa ɗarin farko ma'anoni 559. "Take off" a filin jirgin Malam Aminu Kano tashin jirgi ne, a wurin bincike cire takalmi ne, a kasuwa kuwa haɓakar sana'a ce. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ba ka taɓa rikita shan ruwa da shan kaye ba, domin wurin da aka yi maganar shi ke faɗa maka wanne ake nufi. Haka nan ma. Saboda haka kada ka taɓa koyon ɗaya a tsirara. Koye ta cikin jimla, jimlar da ta fito daga aikinka. Ka fara da ma'anar da kake bukata yau, sauran za su zo su same ka a hanya.

Ƙa'ida ɗaya ce nake so ku riƙe, don ita ke nuna wanda ya ƙware. Yawancinsu ana iya raba su a sa suna a tsakiya: "pick up the load" daidai ne, "pick the load up" ma daidai ne. Amma idan wakilin suna ne, irin su "it" ko "him" ko "them", to dole ya shiga tsakiya: "pick it up", "turn it off", "send them back". Wasu kaɗan ba sa rabuwa ko kusa, kamar "look after him". Kunne ne zai koya maka wannan fiye da littafi. Faɗi su da ƙarfi, ka maimaita, har bakinka ya saba.

Akwai wani ra'ayi a tsakanin 'yan bokonmu da nake ganin ya cuci masu koyo, wato cewa Turanci mai kyau shi ne mai dogayen kalmomi masu nauyi. Sai ka ga mutum ya guje wa "find out" ya nemi "discover", ya guje wa "put off" ya nemi "postpone", ya guje wa "go on" ya nemi "continue". Asalin abin a tarihi yake. A 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin Turanci suka zauna a bakin manya. Gajerun kalmomin asali kuwa suka ci gaba da rayuwa a bakin manoma, maƙera, matuƙan jirgin ruwa da 'yan kasuwa. Wato waɗannan kalmomi da muke magana a kansu tun asali na masu aiki ne, na masu gumi irinku. Dogayen suna da wurinsu a takardar hukuma, ban hana kowa koyon su ba. Amma injiniya a wurin gini, likita a ɗakin tiyata, matuƙin jirgi a sama, da gajerun suke magana. Buɗe Daily Trust gobe ka duba kanun labarai, ka ga sau nawa ƙungiyar ƙwadago ta yi "call off" ɗin yajin aiki, sau nawa wani ya yi "step down" ko "hand over". Gajerun su ne jinin harshen. Ku rungume su da alfahari.

Kada kuma wani ya raina muku Turancin Nijeriya. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 daga ƙasar nan. Cikinsu akwai "Kannywood", akwai "okada", akwai "flag off" ta ƙaddamar da aiki, akwai "put to bed" ta haihuwa, akwai ma "eat money", wadda duk Bahaushe zai gane ta nan take, cin kuɗi ne. Bakin talakan ƙasar nan ne ya ƙera su, duniya ta karɓa. Abin da nake ba da shawara kawai shi ne ku san na gida ku san na waje. A Legas idan an ce mace ta yi "take in", ciki ta samu. A Landan ba za a gane haka ba. A nan muna cewa a yi "off" ɗin janareto, a can sai an ce "turn off" ko "switch off". Mai harshe biyu a cikin harshe ɗaya, shi ke ciniki a kowace kasuwa.

To ta yaya za a fara? Sayi ƙaramin littafin rubutu wanda zai shiga aljihu. Duk wadda ka ji a bakin aiki, ko ka gani a waya, a allon sanarwa, a jikin kwalin kaya, rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki. A ƙasa ka rubuta ma'anarta da Hausarka, da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sakewa da shi. Ƙamus na masu koyo irin na Oxford, Cambridge da Longman suna nan a intanet kyauta, har da muryar da za ta furta maka. Sashen koyar da Turanci na BBC ma yana da darussa gajeru da ba sa cin data sosai. Amma rubutu kaɗai ba ya isa. Wadda ka rubuta da safe, ka yi amfani da ita kafin magariba. Faɗa wa fasinja, faɗa wa abokin ciniki, faɗa wa yaron shagonka. Ka koya wa wani, domin abin da ka koyar ba ya guduwa. A majalisar dare, maimakon a ƙare hira kaf a kan ƙwallo da siyasa, a ware minti goma, kowa ya kawo tasa, a tambayi juna, wanda ya faɗi ya sayi shayi. Mata a gida masu sayar da turaren wuta da kayan kicin ta waya, ku haɗa zaure na mutum biyar, kowace rana ɗaya ta turo guda uku da murya. Da yayyafi kogi ke cika.

Za a yi muku dariya? Za a yi. Akwai mutanen da ba su da aiki sai jiran wani ya yi tuntuɓe da Turanci. Ku bar su. Wanda ke dariya a gefen hanya yana nan inda yake, mai tuntuɓe kuwa tafiya yake yi. Kakanninmu fatake da suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja sayen goro sun ratsa ƙasashen da ba a jin Hausa, suka koyi harsunan mutane da kunne, suka yi ciniki, suka kafa zango. 'Yan'uwanmu na Sabo a Ibadan da na Agege a Legas sun iya Yarabanci ba tare da sun shiga aji ba. Na Kumasi sun iya Tuwi, na Yamai da Maraɗi suna juya Faransanci. Abubakar Tafawa Balewa daga ƙauye ya fito a ƙasar Bauchi, da Hausa ya tashi, ya koyi Turanci a makaranta har ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960 ya yi jawabi, duniya ta yi tsit tana saurare. Jinin nan ne a jikinku. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma ba ta hanawa, goyo a baya bai hana ba, rashin takardar sakandare bai hana ba.

Kuma ranar amfaninsu na zuwa, ba ta da nisa. Ranar da za a liƙa sanarwar ɗaukar ma'aikata, a ce a yi "fill in" ɗin fom a yi "hand in" kafin Juma'a, ba za ka nemi wanda zai cike maka ka biya shi ba. Da hannunka za ka cike, da hannunka za ka miƙa. Ranar ganawa, idan aka ce "come in", ka shiga. Aka ce "sit down", ka zauna. Aka tambaye ka abin da za ka yi idan injin ya yi "break down" tsakar dare, ka kalli mai tambayar ka faɗa masa dalla-dalla, domin aikin ka san shi tun tuni, yanzu kuma ka sami bakin faɗa. Ka ɗauko biro yau, ka rubuta ukun farko kafin ka rufe shago.